Kofin da Ya Ƙi Fashewa: Nazarin Lamarin Wata Masana'antar Gilashi a Jamus ta Gabas

## Asalin matsalar: farkon shekarun 1970

Duk wanda ya taɓa riƙe gidan abinci ya san tambulan ba ya tsufa. Kwano yakan lotsa a ci gaba da zuba miya a ciki, tukunya ta yi baƙi ƙirin a ci gaba da ɗora ta, amma kofin gilashi rana ɗaya yake mutuwa. Ko ya suɓuce wa mai wanke-wanke, ko bakinsa ya daki na ɗan'uwansa a kan tire, shi ke nan sai a nemo tsintsiya. A inda kowa ke kasuwancin kansa, wannan asarar mai shago ce, kuma ya san yadda zai cusa ta cikin kuɗin abinci.

A Jamus ta Gabas abin ba haka yake ba. Yawancin manyan gidajen abinci, da wuraren cin abincin ma'aikata, da taragon abinci na jirgin ƙasa, ko na gwamnati ne ko na ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin tsarinta. Masana'antar da ke yin kofin ta gwamnati ce, ma'adinan da ake haƙo makamashinta ma haka. Saboda haka kofin da ya fashe a Leipzig da wanda ya fashe a Rostock daga aljihu ɗaya za a biya su.

Aljihun kuwa ba mai zurfi ba ne. Ƙasar tana da mutum wajen miliyan 17 a lokacin, ba ta da man fetur na kirki, ta dogara ne da kwal mai ruwan ƙasa da take haƙowa da kuma man da Tarayyar Sobiyet ke sayar mata. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya a 1973, daga 1975 kuma Sobiyet ta fara ɗaga nata farashin ga ƙawayenta. Gilashi kuma ɗan cin wuta ne. Ana haɗa yashi, wanda shi ne wajen kashi 70 cikin ɗari, da soda, wato 'yar'uwar kanwar da muke jefawa a girki, da dutsen farar ƙasa, a narkar da su a zafin da ya kai digiri 1,500. Tanderun ba a kashe shi dare da rana, shekara da shekaru, domin in ya huce narkakken gilashin zai daskare a ciki ya lalata shi.

Masana'antar da wannan nazari ya bi tana wani ƙaramin gari ne mai suna Schwepnitz, arewa maso gabashin Dresden, a yankin Lausitz da ya daɗe da suna wajen yashi mai kyau da sana'ar gilashi. Abin da hukumomi suka nema a taƙaice yake: kofi marar kauri, marar nauyi, wanda zai yi ninki biyar na kwanan kofin da aka saba. Shi ne kofin da daga baya aka sani da suna Superfest.

## Abin da ke fasa gilashi

Sai an fahimci wannan kafin sauran labarin ya zauna. Ka tsaya wurin mai yankan gilashin taga ka kalli aikinsa. Ba ya yanka komai a gaskiya. Yana ɗora ma'auni, ya ja ɗan ƙarfensa sau ɗaya, ƙiiit, ya bar wani siririn layi da da ƙyar ido ke gani. Sai ya kama gefe biyu ya ɗan lanƙwasa, gilashin ya rabu tas a kan layin. In ya juya gilashin ya lanƙwasa ta ɗaya fuskar, yadda layin zai matse maimakon ya buɗe, sai ya sha wuya.

Sirrin ke nan gaba ɗaya. Gilashi yana jure matsi ƙwarai, amma ba ya jure a ja shi, kuma kullum daga wani karce na fatarsa yake fara tsagewa. Wani injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, shi ya bayyana haka a rubutun da aka buga masa a 1921. Sabon kofi daga masana'anta yana da ƙarfi sosai. Wanki, da gogayya da cokali, da jera shi cikin 'yan'uwansa, su ke yi masa dubban ƙananan karce da ba a gani. Ranar da ya faɗi, wani sashe na jikinsa ya ɗan lanƙwashe, ɗaya daga cikin karcen ya buɗe baki, tsagar ta ruga.

Ke nan mai son kofi ya daɗe ba ya buƙatar sauya gilashin duka. Fatar kawai zai sa ta zauna a matse koyaushe, yadda kafin karce ya samu damar buɗewa sai bugun ya fara cinye wannan matsin.

## Hanyoyin da aka sani a lokacin, da inda kowace ta tsaya

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara kauri. Tana ɗan taimakawa, amma ta ci karo da dalilin aikin tun daga tushe: kofi mai kauri ya fi cin yashi, ya fi cin wuta, ya fi nauyi a mota da a hannun mai rabon abinci.

Ta biyu ita ce ƙarfafawa da zafi. Ana mayar da kofin da aka gama cikin wuta har ya haura digiri 600, sai a busa masa iska mai sanyi ciki da waje a lokaci guda. Fatar ta riga ta daskare, cikin yana nan da zafi. Da cikin ya zo hucewa sai ya tsuke, ya janyo fatar ya matse ta. Dabarar tsohuwa ce. A 1660 an kai wa Sarki Charles na Biyu na Ingila wasu ɗigon gilashi da aka yi ta hanyar ɗiga narkakken gilashi cikin ruwan sanyi, masu kama da talibambam: ka daki kan da guduma ba zai fashe ba, ka karya ɗan wutsiyar kuma duka ya zama gari. Gilashin ƙofar mota haka yake, shi ya sa in ya fashe yake zubewa kamar tsakuwa maimakon ya yi tsini. A Faransa, kamfanin Duralex yana yin kofuna da wannan hanya tun 1945, kuma ya ce nasa sun ninka na gama-gari ƙarfi sau biyu da rabi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kauri. Dabarar tana aiki ne in akwai bambancin zafi tsakanin fata da ciki, siririn gilashi kuwa gaba ɗayansa yake hucewa tare. Ƙasa da kaurin milimita 3 abin yana wuya ƙwarai. Dogon kofi mai siririn baki da gindi mai kauri ya fi wuya ma, don kowane sashe da saurin hucewarsa. Sannan in wani rauni ya ratsa fatar ya kai cikin da ke a jaye, kofin tarwatsewa yake yi baki ɗaya, wani lokaci yana zaune a kan kanta ba wanda ya taɓa shi.

Ta uku tana gida ma. A garin Jena, wanda ke cikin Jamus ta Gabas, Otto Schott ya haɗa gilashi mai sinadarin boron tun ƙarshen ƙarni na 19, irin wanda kamfanin Corning na Amurka ya fitar da sunan Pyrex a 1915. Duk mai shayin da ya taɓa tsiyaya tafasasshen ruwa a tambulan da sanyin asuba, ya ji ƙas, ya ga gindin ya cire, ya san cutar da wannan gilashin ke magani. Zafi yana kumbura cikin kofi kafin wajensa, sai jikin ya ja kansa ya tsage. Gilashin boron kumburinsa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na gama-gari, don haka bai damu da ruwan zafi ba. Amma siminti bai san wannan ba. In ya faɗi ƙasa fashewa yake yi kamar kowa, ga shi ya fi tsada, ya fi buƙatar wuta wajen narkewa. Mutane da yawa har yau suna rikita jure zafi da jure faɗuwa, alhali cuta biyu ce daban.

Akwai kuma ta haɗa gilashi hawa uku, wadda Corning ya fito da ita a farantan Corelle a 1970. Ta dace da faranti da kwano, ba ta dace da dogon kofi ba.

## 1973 zuwa 1978: daga ɗakin gwaji zuwa amincewar gwamnati

A 1973 aka kafa wani sashen binciken gilashi a Jamus ta Gabas, masanansa kuma suka bi hanya ta daban: musayar sinadari.

A cikin gilashin gama-gari akwai ƙananan ƙwayoyin sodiyam, waɗanda suka zo daga sodar nan, suna zaune a ramukan da ke tsakanin saƙar yashin. Potasiyam ɗan gidansu ne, halinsu ɗaya, sai dai ya fi sodiyam girma da wajen kashi ɗaya cikin uku. In aka haɗa gilashi mai zafi da narkakken gishirin potasiyam, sodiyam na fatar yakan fita, potasiyam ya shiga gurbinsa. Ka ɗauka kujerar bayan motar haya ce mai cin mutum huɗu, aka sauke sirara huɗu aka cusa ƙattai huɗu aka rufe ƙofa. Kujerar ba ta ƙaru ba, kowa yana matse da kowa. Fatar gilashin haka take zama, ba karcen da zai samu wurin buɗe baki.

Zafin sai an auna shi da kyau. In ya yi ƙasa, ƙwayoyin ba sa motsi. In ya yi yawa, gilashin ya fara laushi, wato kujerar ta saki ta ba ƙattan wuri, matsin ya tafi. Wurin da ya dace yana wajen digiri 400. Fatar da ake samu kuma ba ta kai kaurin silin gashi ba, shi ya sa hanyar ba ta damu da siririn baki ko lanƙwasar kofi ba.

Ba Jamusawan Gabas suka ƙirƙiro ilimin ba. Corning ya fitar da irin wannan gilashi da sunan Chemcor tun 1962, bai samu kasuwar kirki ba, domin tsoma kaya cikin kwamin narkakken gishiri na sa'o'i aiki ne mai tsada, ya fi dacewa da kaya kaɗan masu daraja. Tambayar da ke gaban masanan ita ce yadda za a yi wa kofin mashaya, mai arha, dubbai a rana. Amsarsu ita ce a daina tsomawa: kofunan su riƙa tafiya a jere cikin na'ura, ana ɗumama su, ana yi musu ruwan narkakken gishirin daga sama, sannan a huce su a wanke.

A 1977 masana huɗu suka shigar da takardar mallakar fasahar. A 1978 majalisar ministocin ƙasar ta amince a kashe kuɗin gina layin na'urar a masana'antar Schwepnitz.

## 1980 zuwa 1989: a kasuwar gida

Aka fara aiki a 1980. An gina layin ne don ya iya fitar da kofi har 48,000 a rana, irin mai cin rubu'in lita. Sunan farko Ceverit ne, wanda aka harhaɗo daga kalmomin Jamusanci masu nufin abin da aka ƙarfafa da sinadari, daga baya aka koma Superfest, wato mai ƙarfin gaske.

An nemi ninki biyar. Abin da aka ruwaito an samu ya kai har ninki goma sha biyar.

Masu zane uku suka tsara siffar, kuma sun yi ta ne da tunanin mai wanke-wanke. Kofin yana da 'yar kafaɗa, ƙasansa ya fi samansa tsukewa, yadda wani zai zauna cikin wani a jera su sama ba tare da sun maƙale ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kofuna da yawa a wurin ajiya suke mutuwa, ba a hannun mai sha ba. A shekarar ta 1980 siffar ta samu lambar yabon ƙasar ta zane mai kyau. Da kofin giya aka fara, daga baya aka ƙara ƙananan kofuna, da na shayi, da na askirim, har da tulun fure. Suka cika mashaya da wuraren cin abinci da jiragen ƙasa, har mutane suka riƙa kiran su da sunan Mitropa, kamfanin da ke sayar da abinci a jirgin.

Ba wai ba sa fashewa ba ne sam. In bugu ya yi tsanani, ko karce ya yi zurfin da ya wuce siririyar fatar, kofin yakan fashe.

Cikin shekara goma an yi tsakanin miliyan 110 zuwa 120. In aka raba da yawan mutanen ƙasar, kowane rai, har jariri, ya tashi da kofi wajen bakwai.

## Yunƙurin sayarwa Yamma

Jamus ta Gabas tana matuƙar buƙatar kuɗin waje, don haka an so a sayar da kofin a Yamma. Wani wakilin ciniki ɗan Jamus ta Yamma, wanda shi ne ma ya ba da shawarar sauya sunan, ya yi ta yawo da shi a bajekolin kasuwanci yana nuna wa manyan masu saye. Kowa ya gani ya yaba, amma babban ciniki bai faɗa ba.

Dalilin da shi wakilin ya ba 'yan jarida shekaru da yawa bayan haka shi ne, dillalan kofi da fashewa suke ci. Wanda ya sayar wa mashaya kwali goma bana yana sa ran sayar mata wasu goma baɗi. Akwai kuma wata al'ada ta kasuwar can da ta ƙara toshe ƙofar. Kamfanonin abin sha su ke raba wa mashaya kofuna masu ɗauke da tambarinsu, kowane kamfani da siffar kofinsa. A wurinsu kofi talla ne, ana sauya shi in tambari ya sauya. Mai mashayar da ake ba kofi kyauta ko a kan arha ba shi da dalilin neman wanda zai shekara goma.

## 1990 zuwa 1992: rufewa

Katangar Berlin ta faɗi ran 9 ga Nuwamba 1989. Ran 1 ga Yuli 1990 kuɗin Jamus ta Yamma ya zama kuɗin Gabas, aka mayar da albashi ɗaya bisa ɗaya. Dare ɗaya kayan masana'antun Gabas suka yi tsada, ƙasashen gabashin Turai da ke saye suka kasa biya da kuɗi mai ƙarfi, mutanen gida kuma suka juya ga kayan Yamma da suka daɗe suna hange. Hukumar Treuhand ta karɓi kamfanonin gwamnati wajen 8,500, masu ma'aikata kusan miliyan 4, don ta sayar ko ta rufe.

A tsakiyar 1990 aka tsayar da yin Superfest. Aka kwance layin. A 1992 aka saki takardar mallakar fasahar.

## Bayan haka

Kofunan ba su bi layin ba. Har yau ana samun su a gidaje da wasu mashaya a gabashin Jamus, fiye da shekara talatin bayan an yi na ƙarshe, kuma masu tara kayan da suna sayen tsofaffin da kuɗin da ya fi na sabon kofi nesa ba kusa ba.

Ilimin ma bai mutu ba. A 2007 wayar iPhone ta farko ta fito da fuskar gilashin Corning, wanda aka sani da Gorilla Glass, ana tsoma shi cikin narkakken gishirin potasiyam a wajen digiri 400. Daga aikin Corning na shekarun 1960 ya samo asali, ba daga Schwepnitz ba, amma musayar ɗaya ce. Mai karanta wannan a waya, mai yiwuwa yatsansa a kan irin fatar yake.

## Hukunci

Ta fuskar fasaha kwalliya ta biya kuɗin sabulu. An zaɓi hanyar da ta dace da siririn kofi, an warware matsalar yawa, an wuce abin da aka nema.

Ta fuskar kuɗi, amsar ta dogara da wanda ke riƙe da littafin lissafi. A ɗauka, don misali kawai, kofi mai ƙarfi ya ninka na gama-gari tsada sau uku, ya ninka shi kwana sau biyar. Mai gidan abincin da ke saye da kuɗinsa ya rage kashi 40 cikin ɗari na abin da yake kashewa a kan kofi. Mai sayar masa kuwa wannan kashi 40 ɗin daga cinikinsa aka cire. A Jamus ta Gabas mai saye da mai sayarwa da mai biyan kuɗin wuta duk mutum ɗaya ne, don haka ragin riba ce zalla. Da aka raba su uku, ribar ta koma wurin wanda ba shi ke zaɓen kofin ba. Ko lissafin mai gidan abincin ma yana da sharaɗi biyu: sai yana da kuɗin da zai zuba ninki uku tun ranar farko, kuma sai in fashewa ce ke cinye masa kofuna. In tafiya ake yi da su a aljihu, mai tsadar ya fi ciwo.

Sai dai ban yarda da labarin da aka fi yaɗawa ba, cewa kyawunsa ne kaɗai ya kashe shi. Bayanin wakilin cinikin ya isa ya nuna dalilin da kofin bai shiga Yamma ba a shekarun 1980, amma bai isa ya bayyana 1990 ba. A shekarun nan dubban masana'antun Gabas sun durƙushe, masu kaya nagari da masu na banza, ba a tsaya tantancewa ba. Kuma ƙasar da kowane mutum ya riga ya samu kofi bakwai da ba sa saurin mutuwa, ko da katangar ba ta faɗi ba, wata rana layin zai nemi sabuwar kasuwa ko ya rage gudu.

Duralex ya nuna ɗaya gefen. Ya rayu a kasuwar jari-hujja da kofi mai daɗewa, domin ya samu masu saye da ke biyan asarar fashewa daga aljihunsu, musamman wuraren cin abincin makarantu, inda yaran Faransa suka saba leƙa lambar da ke gindin kofi su ce shekarunsu ke nan. Duk da haka bai tsira daga wuta ba. Da farashin gas ya haukace, ya dakatar da aiki na wata biyar daga Nuwamba 2022, a 2024 ya sake shiga hannun kotu, a watan Yuli na shekarar kotun ta miƙa shi ga ma'aikatansa su tafiyar da shi a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa.